Taswifi: Ciwon "Sai Gobe" da Iyakar Taimakon Hifnosis

Jan ƙafa shi ne mutum ya ɗage aikin da shi da kansa ya ƙudurta zai yi, ba tare da wani uzuri ba, alhali ya san ɗagewar za ta cuce shi. Malaman Musulunci suna ce masa taswifi, daga kalmar Larabci saufa, wadda ake ɗora wa aikatau don a nuna nan gaba za a yi. A bakin Bahaushe kuwa sunansa "sai gobe", ko "bari rana ta ɗan yi sanyi". Ba kowane jinkiri ne ya shiga wannan babi ba. Manomin da ya ƙi yin shuka a ruwan farko, ya jira damina ta zauna don kada iri ya ƙone a ƙasa, tsanaki ya yi, kuma a kan irin nasa ake cewa wani jinkirin alheri ne. Wanda ya ga ciyawa ta taso wa gero, ga fartanya ga lafiya, ya yi ta cewa jibi har gona ta fi ƙarfinsa, shi ne mai jan ƙafa. Halin ya kuma bambanta da lalaci. Rago ba ya son aikin tun asali, bai ma yi niyya ba. Mai jan ƙafa yana da niyya, sau da yawa ma mutum ne mai kazar-kazar: ɗalibin da jarrabawa ta gabato zai share ɗaki, ya wanke takalma, ya kai ziyarar da ya shekara bai kai ba, duk don kada ya buɗe littafin nan guda ɗaya.

Abin da ya tsayar da masu falsafa a kan wannan hali shi ne, bisa hankali bai kamata ya yiwu ba. In mutum ya san abin da ya fi masa alheri, kuma yana da ikon yi, me zai hana shi? Sukurat na Girka, kamar yadda almajirinsa Aflaton ya kawo a littafin Protagoras, yana ganin babu mai zaɓar abin da zai cuce shi yana sane. A wurinsa, wanda ya yi haka ma'auninsa ne ya karkace, ya ga daɗin da ke kusa ya fi girma, yadda ido yake ganin abin kusa babba, na nesa ƙarami. Aristotal, a kashi na bakwai na babban littafinsa kan ɗabi'u, bai gamsu da haka baki ɗaya ba. Ya kira halin akrasiya, wato rashin mallakar kai, ya ce samun ilimi daban, amfani da shi daban. Mai raunin zuciya yana kama da mai barci ko wanda ya bugu, ilimin yana nan a cikinsa amma ba a farke yake ba. Agustin, limamin Kirista na garin Hippo, inda Annaba ta Aljeriya take a yau, wanda ya rasu a shekarar 430, ya ba da labarin yadda a ƙuruciyarsa yake roƙon Allah ya ba shi kamun kai, alhali a ƙasan zuciyarsa yana fatan kada a yi saurin amsawa.

A tarihin Musulunci babu labarin da ya fito da surar taswifi fili kamar na sahabi Ka'abu ɗan Malik, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito daga bakinsa. A shekara ta 9 bayan Hijira aka yi kiran fita zuwa Tabuka, cikin tsananin zafi, ga nisan tafiya, ga 'ya'yan itatuwa sun nuna, inuwa ta yi daɗi. Ka'abu ba munafuki ba ne, yana cikin waɗanda suka yi mubaya'a a Aƙaba. Ba shi da uzurin talauci, domin shi da kansa ya ce bai taɓa samun ƙarfi da wadata irin na lokacin ba, har raƙuman hawa biyu gare shi. Bai kuma yanke shawarar ƙin zuwa ba. Kullum da safe yakan fita da nufin yin shiri, ya dawo bai tsinana komai ba, yana gaya wa kansa cewa ai duk sa'ad da ya so zai iya. Runduna ta tashi, ya ce zai shirya cikin kwana ɗaya ko biyu ya cim musu. Haka kwanaki suka yi ta shuɗewa har tafiya ta kuɓuce masa. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawo Madina, mutum tamanin da wani abu suka zo da uzurori na ƙarya, Ka'abu kuwa ya faɗi gaskiya cewa ba shi da uzuri. Aka ƙaurace masa dare hamsin, shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, har aya ta 118 ta Suratut Tauba ta sauka da karɓar tubarsu. Abin lura a nan shi ne abin da ya riƙe shi: amincewarsa da cewa yana da iko. Maras raƙumi ya san dole ya tashi neman abin hawa tun da wuri, shi kuwa mai raƙuma biyu yana ganin kullum da sauran lokaci.

Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya buga misali a babin tuba na Ihya'u Ulumiddin da mutumin da ya zo tumɓuke bishiya, ya ga ta yi ƙarfi, ya ce sai baɗi, bai lura ba cewa kowace shekara saiwarta ƙara nutsewa take yi, shi kuma ƙarfinsa raguwa yake yi. Ibnul Jauzi ya rufe Talbisu Iblis da bayani kan dogon buri, inda ya nuna yadda ake ruɗin mutum da cewa akwai sauran kwanaki. Ko ɗan makarantar da ya fara Ahalari ya ci karo da mas'alar tun a shafukan farko, inda mawallafin ya hana jinkirta tuba, ya kuma hana mutum fakewa da cewa yana jiran sai Allah ya shirye shi. Fiƙihu bai ɗauki kowane jinkiri laifi ba. A mazhabar Malikiyya salla tana da lokacin zaɓi da lokacin larura, kuma ramuwar azumi tana da faɗin lokaci har zuwa Sha'aban. Amma wanda ya yi sakaci har wani Ramadan ya riske shi bai rama ba, bayan ramuwar sai ya ciyar da mudu guda a kan kowace rana. Hadisi ya lissafa taurin bashi daga mai halin biya a cikin zalunci, kuma duk wanda ya ga gidan da aka bar gado shekara ashirin ba a raba ba, har magada suka rasu suka bar nasu magadan, ya san jan ƙafa ba ya tsayawa a kan mai shi kaɗai.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware, domin ya yi yawa a bakunan mutane. Suratul Kahfi ta yi umarni da a jingina aikin gobe ga mashi'ar Allah. Wannan ladabi ne na wanda ya riga ya ɗaura ɗamara, yana sane da cewa cikar aikin ba a hannunsa take ba. Amma an wayi gari wani yana cewa "in sha Allahu" a inda yake nufin ba yanzu ba, ko ma ba zai yi ba. Haka ma maganar nan da ake cewa "gobe ta Allah ce": ana kawo ta don a sassauta wa kai, alhali in an bi ta da kyau hujja ce a kan mai ɗagewa, tunda yau ce kaɗai aka damƙa masa. Cikin addu'o'in da Anas ɗan Malik ya ruwaito akwai neman tsari daga gajiyawa da kasala, kuma malamai sun rarrabe su: gajiyawa rashin iko ce, kasala kuwa barin aiki ne tare da iko.

Masana halayyar ɗan Adam na zamani sun iso kusa da inda magabata suka tsaya, sai dai sun zo da awo. Piers Steel na Jami'ar Calgary a Kanada ya tattara ɗaruruwan bincike a shekarar 2007, ya nuna cewa abubuwan da suka fi tafiya tare da jan ƙafa su ne ƙyamar aikin, nisan sakamakonsa, rashin yarda da iyawar kai, da saurin biye wa abin da zuciya ta raya. Joseph Ferrari na Jami'ar DePaul a Amurka ya kiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar na manya halin ya zame masa jiki. Tun a 1997 Dianne Tice da Roy Baumeister suka bi ɗaliban jami'a na tsawon zangon karatu, suka ga masu jan ƙafa sun fi samun sauƙin rai a farkon zango, amma a ƙarshensa sun fi shan damuwa da rashin lafiya, makinsu kuma ya fi ƙasa. Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, a 2013, suka taƙaita al'amarin da cewa jan ƙafa dabara ce ta gyara yanayin zuciya na ɗan lokaci. Aikin yana tayar da wani abu maras daɗi, ko tsoron kasawa, ko gundura, ko kunyar cewa an riga an makara. Da mutum ya kau da kai sai ya ji sanyi nan take, wannan sanyin kuma shi ne ladan da yake koya wa zuciya ta sake gudu gobe. Ke nan matsalar ba ta rashin agogo ba ce ko rashin jadawali. Shi ya sa mutum zai iya rubuta tsarin mako mai kyau a takarda, ya manna a bango, ranar Litinin ta zo ya ɗauki waya.

A nan ne masu magani da hifnosis, wato tattara hankalin mutum da magana don a jefa masa shawarwari, suke cewa suna da abin bayarwa. Asalin fasahar yana komawa ga Franz Mesmer, likita Bajamushe da ya yi suna a Biyana da Faris, wanda ya yi da'awar akwai wani ƙarfin maganaɗisu da ke gudana a jikin mai rai. A 1784 Sarki Louis na 16 ya kafa kwamitin bincike, cikinsa har da Benjamin Franklin da Antoine Lavoisier, suka gwada, suka ce babu wani maganaɗisu, abin da ke aiki shi ne abin da maras lafiya ya sa a ransa. James Braid, likitan tiyata ɗan Sukotlan da ke aiki a Manchesta, shi ya tsame al'amarin daga camfi a littafinsa na 1843, ya yaɗa sunan da ya samo asali daga kalmar Girkanci mai nufin barci. Sunan ya ɓatar da mutane, domin wanda ake yi wa hifnosis ba barci yake yi ba. Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da amfaninsa a wasu fannonin jinya a 1955.

Yadda ake yin sa a ɗakin likita ba shi da alaƙa da wasan da ake nunawa a dandali ko a fim. Mutum yana zaune ko kishingiɗe, a umarce shi ya kafa ido a wuri guda ko ya rufe, ya bi numfashinsa, ya saki gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya, har hankalinsa ya tattaru a kan muryar mai magana, sauran abubuwa su ja baya. Cikin wannan hali ne ake jefa masa shawarwari da hotunan zuci waɗanda aka riga aka yi yarjejeniya a kansu. Yana jin abin da ake faɗa, galibi yana tunawa bayan an gama, kuma yana iya buɗe ido ya tashi. Mutane ba daidai suke ba wajen karɓa. Ma'aunin da André Weitzenhoffer da Ernest Hilgard suka fitar a Jami'ar Stanford a 1959 ya nuna cewa 'yan kaɗan ne, kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, suke karɓa sosai, wasu kusan haka ba sa karɓa sai kaɗan, mafi yawa kuwa suna tsakiya.

Inda hujja ta fi ƙarfi a kan amfaninsa shi ne rage raɗaɗi, rage fargaba kafin tiyata da lokacin wasu ayyukan asibiti, da kuma ciwon hanjin nan mai yawan kumburi da murɗa ba tare da wani rauni a hanjin ba, wanda Peter Whorwell ya gwada a Manchesta ya wallafa a 1984. A wajen daina shan taba, tattara binciken da aka yi bai nuna ya fi sauran hanyoyi ba. A kan jan ƙafa kansa kuwa binciken da aka yi kai tsaye kaɗan ne ƙwarai, kuma duk mai tallan cewa zama ɗaya ko biyu zai kawar da halin, ya faɗi abin da ba shi da hujja a kai. Hanyar da aka fi gwadawa ita ce jinyar gyaran tunani da ɗabi'a, inda ake koya wa mutum ya gane maganganun da yake ruɗin kansa da su, ya kuma saba da tunkarar aikin kaɗan-kaɗan. Irving Kirsch da abokan aikinsa sun duba bincike 18 a 1995, suka ga ƙara hifnosis a kan irin wannan jinya yana ƙara mata tasiri, ko da yake babban ɓangaren ribar ya fito ne daga binciken rage ƙiba, kuma an yi jayayya a kan girmansa daga baya. Matsayinsa na gaskiya ke nan: mataimaki ne ga wata jinya.

In aka haɗa wannan da bayanin Sirois da Pychyl, za a ga ƙofar da zai iya shiga. Tunda abin da ke korar mutum daga aiki wani ɗaci ne da yake tasowa a bakin farawa, to duk abin da zai rage ɗacin zai iya rage gudun. Cikin natsuwar hifnosis ana sa mutum ya hango kansa yana zama a teburin, yana buɗe fayil ɗin, yana jin ƙuncin ya taso, ya kuma zauna da shi har ya lafa, yana rubuta layin farko. Maimaita wannan yana iya sa ainihin lokacin ya zo masa da sauƙi. Amma nau'in hoton da ake sa masa yana da muhimmanci. Lien Pham da Shelley Taylor sun gwada ɗalibai a 1999: waɗanda suka riƙa hango kansu suna karatun sun fi cin jarrabawa a kan waɗanda suka riƙa hango kansu sun samu babban maki. Hango nasara kawai yana ba zuciya ɗanɗanon abin da ba ta yi wa aiki ba, wanda shi ne dogon burin da Ibnul Jauzi ya yi gargaɗi a kai. Ana kuma iya amfani da zaman wajen dasa irin ƙudurin da Peter Gollwitzer ya yi bayani a 1999, wato ɗaure aiki da wani lokaci da wuri ayyananne. "Zan rama azumi" buri ne. "Ranar Alhamis mai zuwa zan tashi sahur" ƙuduri ne, kuma bincike ya nuna irinsa ya fi cika.

Wani abin da ya dace da labarin Ka'abu shi ne binciken da Michael Wohl da abokansa suka yi a Jami'ar Carleton a 2010. Ɗaliban da suka amsa laifinsu na jan ƙafa a jarrabawar farko, suka kuma yafe wa kansu, sun rage halin a jarrabawa ta biyu. Wanda ya ci gaba da zagin kansa yana ƙara wa aikin ɗaci ne, ɗacin kuma shi ne tushen gudun. Tuba a ma'anarta ta shari'a ta ƙunshi nadama da dainawa da ƙudurin rashin komawa, ba ta ƙunshi yanke ƙauna ba.

Ga Musulmi akwai tambayar halacci. Kwamitin dindindin na fatawa na Saudiyya ya haramta abin da Larabawa suke kira tanwimi, yana ɗaukarsa nau'in bokanci da ake yi da taimakon aljani don a gano ɓoyayyun abubuwa. Wasu malamai sun rarrabe tsakanin wannan sura da abin da likita yake yi, wanda magana ce da tattara hankali, babu kiran aljani, babu da'awar sanin gaibu. Hukunci yana bin haƙiƙar abu, don haka ya wajaba mai tambaya ya bayyana wa malami ainihin abin da za a yi masa. Ko a wurin masu halattawa akwai sharuɗɗan da ba a saɓa musu: kada maganganun su ƙunshi abin da ya saɓa wa aƙida, kada mace ta keɓanta da namijin da ba muharraminta ba, kada kuma a shiga da'awar mayar da mutum wata rayuwa da wai ya taɓa yi kafin wannan, abin da wasu masu sana'ar suke tallatawa kuma ba shi da tushe a addini ko a kimiyya. A ƙasar Hausa, inda mai jin labarin zai fara kwatanta shi da rufa-ido ko bori, wannan rarrabewa tana da nauyi, haka ma hatsarin wani ya ari sunan ya lulluɓe tsibbu da shi.

Sai tambayar da ta fi zurfi: shin maganar wani za ta iya zuba wa mutum azama? Abin da aka sani game da hifnosis ya nuna yana aiki ne da haɗin kan mai karɓa, kuma ya fi tasiri a kan abin da mutumin yake so da ma. Zai iya sassauta tsoro, amma ba zai sa mutum ya ƙaunaci karatun da aka tilasta masa ba, ba kuma zai biya bashin da mai shi bai yi niyyar biya ba. Nauyin aikin yana nan a wuyan mai shi kafin zaman da bayansa. Akwai ma tarko a cikin neman maganin kansa. Mutumin da ya ce ba zai fara rubutun kammala digirinsa ba sai ya samu wanda zai cire masa jan ƙafa, ya faɗa cikin abin da Ahalari ya hana, ya mayar da jiran gyaruwa wani sabon taswifi. Alamar da ake gane jinya tana aiki ita ce a ga an taɓa aikin a cikin makon, ko na minti goma ne, tun ƙuncin bai gama tafiya ba.

Kafin a nemi hifnosis ya kamata a tabbatar jan ƙafar ba alamar wani ciwo ba ne. Ciwon damuwa mai tsanani yana kashe kuzari har wanka ya zama aiki, matsalar ƙarancin tattara hankali da ake tasowa da ita tun yarinta tana hana mutum tsayawa a kan abu ɗaya, haka ma rashin barci da ƙarancin jini. Waɗannan na likita ne, kuma kiran mai su rago zalunci ne. Ba a shawartar mai taɓin hankalin da ke sa jin muryoyi ko ganin abin da babu ya yi hifnosis. Ba a kuma dogara da shi wajen tono abin da aka manta, domin an tabbatar yana iya sa mutum ya riƙe abin da bai faru ba a matsayin tunawa, ya kuma ƙara sakankancewa da shi. A ƙasashe da yawa, har da Birtaniya, doka ba ta tanadi wani takamaiman horo ga mai kiran kansa masanin hifnosis ba, saboda haka abin dubawa shi ne ko mutumin likita ne ko masanin halayyar ɗan Adam mai rajista, wanda ya iya jinyar matsalar ko da babu hifnosis.